Haƙorin Tsohuwa: tarihin kayan aikin da kafinta ke ƙera wa kansa

Ƴan'uwa ɗalibai, ku duba cikin almuwar ko kantar littattafai wadda gwani ya yi. Allunan da ke kwance ba ƙusa kaɗai ke riƙe da su ba. A jikin katakon gefe akwai wani dogon gurbi da aka yanka, aka zura bakin allon a ciki. In zurfin gurbin nan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, allo zai zauna daram, ya ɗauki kaya shekara da shekaru. In kuwa wani wuri ya fi wani zurfi, ko da milimeta ɗaya ne, sai allo ya dinga rawa, wata rana ya saki. Zarto yana yanka gefunan gurbin, cizal yana fasa tsakiya ya fitar da yawancin itacen, amma hannun mutum ba ya iya daidaita gindin da ido kawai. Akwai ɗan kayan aikin da ke yin wannan, shi ne zancenmu.

Siffarsa ba wuya. Guntun katako ne mai shafaffen ciki, an huda shi a tsakiya, an zura siririn ƙarfe mai kaifi ya leƙo ta ƙasa. Cikin katakon yana tafiya a kan fuskar allo, ƙarfen kuma yana cikin gurbi yana kankare gindinsa. Tun da tsawon abin da ya leƙo ba ya canzawa, duk inda aka tura shi zurfi ɗaya zai bari. In an gama zagaye guda, sai a ɗan buga ƙarfen ya ƙara sauka, a sake bi, har a kai zurfin da ake so. Da shi ake gyara mazaunin matakala, da gurbin ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa, da wurin da za a dasa ado a jikin katako.

Sunayen da masu aiki suka raɗa masa

Ni da ke karatun harshe, sunayensa ne suka fara jan hankalina. Kafintocin Ingila na da suna ce masa haƙorin tsohuwa. Ku kwatanta da kanku: faffaɗan baki, ba komai a ciki sai haƙori ɗaya tilo da ya leƙo. Sunansa na yau a Ingilishi, rawuta, ya fito ne daga wani aikatau mai ma'anar tono, irin tonon da alade ke yi da hancinsa. Jamusawa suka ce Grundhobel, wato mai kankare gindi. Faransawa kuwa suka ce guimbarde, kalmar da kuma ke nufin bambaro, ɗan ƙarfen nan da ake sa wa a baki ana kaɗawa da yatsa, har ila yau da ita suke zolayar tsohuwar mota mai ƙugi.

Ba shi kaɗai ne ya sha irin wannan raɗin suna ba. A atiliyen Faransa akwai guillaume, sunan mutum sukutum aka ba wani abin kankare katako. Akwai bouvet, ɗan bijimi, mai jan layi kamar yana huɗa. Akwai valet, wato bara, ƙarfen da ke danne katako a kan tabur don kada ya motsa. Ba malamai suka zauna suka ƙago waɗannan ba. Sunaye ne na zolaya da sabo, irin waɗanda mutum ke ba abin da yake wuni da shi a hannu, ya san halinsa kamar yadda ya san na abokinsa.

Kafin zuwan masana'anta

Kankare katako da ƙarfen da aka dasa cikin gangar jiki tsohuwar dabara ce. An tono irin waɗannan kayan aiki a Pompei, birnin Rumawa a ƙasar Italiya wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Shi haƙorin tsohuwa kuwa, a ƙarni na 18 muke ganinsa sarai a rubuce. Babban kundin sani na Diderot da d'Alembert ya ba kalmar guimbarde wurinta a juzu'i na bakwai, wanda ya fito a 1757. Bayan haka sai André-Jacob Roubo, wanda aka haifa a Paris a 1739, ɗan kafinta kuma jikan kafinta. Tsakanin 1769 da 1775 ya fitar da L'Art du menuisier, littafi mai zane sama da 380, inda ya bayyana kayan aikin sana'ar ɗaya bayan ɗaya, har da wannan. Abin da ya bambanta Roubo da sauran marubutan zamaninsa shi ne a bakin tabur ya tashi, abin da hannunsa ya sani ya rubuta.

A wancan zamani yaro yana shekaru a hannun maigida kafin a ce ya iya. Ƙarfe daga maƙeri ko ɗan kasuwa yake fitowa, amma gangar itacen kayan aiki da yawa mai aiki ne ke yin abinsa. Haƙorin tsohuwa ya fi kowanne sauƙi: guntun itace mai tauri da ya rage daga wani aiki, rami guda, ɗan itacen toshi mai tsini da zai matse ƙarfen, shi ke nan. Sau da yawa ma ba a saya masa ƙarfe na kansa, sai a aro na abin jan layi a zura, in an gama a maida. Shi ya sa tsofaffin da suka rage a hannun masu tara kayan tarihi suka sha bamban da juna, kowanne da girman hannun mai shi da irin aikin da yake yi.

Yana da aibinsa, kada mu ɓoye. Ƙarfen a tsaye yake shiga, ko a ɗan karkace, don haka ya fi kusa da karta bisa ga yanka. Saita zurfi kuma sai da guduma: ka buga ya wuce, ka sassauta ka sake. Kuma gangar itacen tana rufe wurin da ake yanka, sai ka ɗaga ka leƙa.

Lokacin da suna ya koma lamba

A garin New Britain, cikin jihar Connecticut ta Amurka, akwai kamfanin Stanley. A 1869 ya sayi haƙƙin ƙirar Leonard Bailey, mutumin da ya gyara abin kankare katako na ƙarfen zubi yadda za a saita shi da juya ɗan dunƙule maimakon bugu. Daga nan kamfanin ya shiga maida kayan aikin itace na ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar shekarun 1880 layi ya zo kan haƙorin tsohuwa. Suka zuba masa gangar ƙarfe mai marika biyu, suka lanƙwasa haƙorin kamar harafin L, yadda bakinsa zai kwanta ya yanka itace maimakon ya karce shi. Daga baya suka buɗe gaban don mai aiki ya ga abin da yake yi, suka ƙara abin juyawa na saita zurfi. Ana sayar da shi da haƙora masu faɗin kusan milimeta 6 da 13, da wani mai tsini. Kamfanin Record na Sheffield a Ingila ya yi irinsa, ya ce masa 071.

Ku lura da abin da ya faru da sunan. Stanley bai ce tsohuwa ba, bai ce bambaro ba. Lamba 71 ya ce. A cikin littafin talla lamba ta fi amfani, domin mai kanti a wata nahiya zai iya odarsa ba kuskure. Gaskiya ne na ƙarfen ya fi na itace saurin saiti da tsabtar yanka. Sai dai daga ranar, kafinta ya tashi daga mai ƙira ya koma mai saye, in wani yanki ya karye kuma sai ya jira a aiko masa.

Shi ma lamba 71 bai dawwama ba. Tun farkon ƙarni na 20 Amurkawa suka fara haɗa injin hannu mai juya haƙori da gudu. A 1929 Stanley da kansa ya sayi kamfanin R. L. Carter mai yin irin wannan inji na lantarki. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin Elu na Jamus ya fito da wanda ake dannawa ya nutsa cikin katako, abin da masu Faransanci ke kira défonceuse. Aikin rabin wuni ya koma na ƴan mintoci. A 1973 Stanley ya daina yin lamba 71 a Amurka. A Ingilishi ma injin ya ƙwace sunan, yau in ka ce rawuta mai lantarki ake ji, in ba ma akwatin intanet ba.

Dawowarsa

To, sai ga shi bai mutu ba. Inji yana da ƙara, yana tada ƙura, in hannu ya goce da ƙiftawar ido ya lalata katako mai tsada. Masu aikin hannu a Turai da Amurka suka koma neman tsofaffin lamba 71 a kasuwar gwanjo har kuɗinsu ya hau. Kamfanoni irin su Lie-Nielsen a Amurka da Veritas a Kanada suka shiga yin sababbi, masu kyau amma masu tsada. Tsadar nan ce ta maida mutane inda aka faro. Wani kafinta ɗan Ingila mai koyarwa ta intanet, Paul Sellers, ya yaɗa abin da ya kira rawutan talaka: ka huda guntun katako a karkace, ramin ya ɗan fi cizal ƙanƙanta, ka buga cizal ɗin ciki har bakinsa ya leƙo. Wanda ya san tarihi zai gane ta nan take, tsohuwa ce ta dawo da haƙorinta.

Wasu suka ɗauki dabarar Stanley suka haɗa da ta da. Kile mai kusurwa shida, wanda makanikai ke kwance bis da shi, dama a lanƙwashe yake kamar L, kuma ƙarfensa mai tauri ne. Sai a wasa gajeren hannun ya zama baki mai kaifi, a ɗan rage ƙasansa ta baya don kada dunduniya ta goga a gindin gurbi. Ana wasawa ana tsomawa cikin ruwa, domin in ƙarfen ya yi zafi har ya koma shuɗi ya rasa taurinsa, ba zai riƙe kaifi ba. A sami katako mai tsawon kamar santimeta 20 da kauri 4, a shafe cikinsa sumul, a huda ramin da kile zai tsaya, a ɗaure shi da bulon mai zobe da aka zuro ta baya. A yanke ɗan wuri a gaba don ido ya ga bakin. Aikin yamma ɗaya ne.

Ina ruwanmu?

Kakanninmu ba su buƙaci wannan abu ba, kuma ba don rashin dabara ba. Masassaƙi daga gungume guda yake fitar da turmi, da akushi, da kujera ƴar tsuguno, da allon karatu. Ba ya haɗa katako da katako, to gurbin me zai daidaita? Kayan aikinsa maƙerin gari ne ke yi, shi ya sa sunayensu namu ne: gatari, gizago. Aikin katako mai haɗi, na tabur da benci da almuwar, ya yaɗu ne da zuwan Turawa, ya zo da kalmominsa. Kafinta daga Ingilishi take, ta ɓangaren Najeriya ta shigo, p ta koma f kamar yadda Hausa ta saba. Ta ɓangarenmu kuma Faransanci ya ba mu atiliye da sauran su. Ku shiga wurin kafinta a Maraɗi ko Damagaram ku saurara: yawancin abin da aka sayo da sunan aro ake kiransa.

Aron kalma ba laifi ba ne, kowane harshe yana yi. Amma akwai aron da ke tsaida aiki. A watan Agusta na 2023, bayan takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗin da ƙasar take amfani da shi. Maraɗi da Damagaram, waɗanda layinsu daga Katsina yake shigowa, sun ji a jika. Duk atiliyen da ya dogara da inji kaɗai, in kuran ya tafi sai zaman jira, ko sayen mai a zuba wa janareta, riba ta tafi a hayaƙi. Yaron da ya gama koyo kuma, kafin ya tara kuɗin inji ya daɗe yana yi wa wani aiki.

Haƙorin tsohuwa ba zai maye gurbin inji ba, wanda ke da odar benci ɗari na lakwal ya san haka. Amma zai gama ƙofa ɗaya, almuwar ɗaya, ranar da babu wuta. Guntun maɗaci ko ƙirya da ya rage a ƙasan tabur ya isa gangar jiki. Tsohon kile yana nan a wurin masu gyaran babur. In ƙarfen ya ƙi, ga maƙera a kowace kasuwa, waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake ba ƙarfe ruwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saura suna. A nan na ce masa haƙorin tsohuwa ne don na fassara na Ingila, kuma fassara aro ce ita ma. Mu ƴan jami'a muna iya zama a aji mu ƙago masa kalma mai kyan ƙira, madaidaicin gurbi ko makamancin haka, amma tarihin guimbarde da guillaume ya nuna ba daga aji irin waɗannan sunaye ke fitowa ba. Wanda ke da wa ko ƙane ko aboki a atiliye, ya kai masa wannan takarda, su gwada ƙera guda tare. In yaran atiliye suka wuni da shi wata ɗaya, za su raɗa masa nasu. Namu aikin shi ne mu je mu ji, mu rubuta.