Riƙo da Taɗiya: Tarihin Wata Tsohuwar Gardama

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa kokawa ba ƙarfi kaɗai ba ce. Sau nawa aka ga ƙato ya riƙe ɗan tsurut kamar zai karya shi, sai kawai a ga an taɗe masa ƙafa ya sha ƙasa? Tambayar da ta daɗe tana raba kan masu shirya kokawa a duniya ita ce: shin riƙo ne gaba ko taɗiya? Amsar tana wajen abin da kowace al'umma ta ɗauka a matsayin kaye.

A wajenmu, kokawa wasan kaka ce, bayan an kai amfanin gona gida. Da zarar mutum ya faɗi, magana ta ƙare, makaɗa su juya kiɗa zuwa ga wanda ya yi kaye. Saboda haka riƙo hanya ce kawai ta neman ƙafar abokin karawa. Lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da kokawa gasar ƙasa a Nijar, aka yi ta farko a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Daga baya an ƙara alƙalan wasa da ƙayyade lokaci da gargaɗi, amma ba a taɓa wannan tushe ba: wanda ya faɗi ya faɗi.

To, a nan Ingila ma gardamar tsohuwa ce. A arewa, yankin Cumberland da Westmorland, 'yan kokawa kan fara ne a rungume, kowa ya haɗa hannuwansa a bayan ɗan'uwansa. Wanda riƙonsa ya kwance, ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, shi aka kayar. Hannu a ɗaure yake, don haka ƙafa ce ke yin aikin duka. A Faransa kuwa, a ƙarni na 19, sai aka bi akasin haka: salon da ake kira Greco-Roman ya haramta taɗiya da kama mutum ƙasa da ƙugu.

Salo na uku a ƙofarmu aka haife shi, mu da ke zaune a Rusholme. Ma'aikatan masaƙu da mahaƙa kwal na Lancashire sun yi kokawar kama duk inda ka samu, wadda ba ta ƙarewa da faɗuwa. Sai an danne kafaɗun mutum a ƙasa tukuna. A nan taɗiya buɗe ƙofa ce, riƙo ne ke rufewa. Wannan salo ya shiga gasar Olamfik a 1904, shi ne kakan kokawar 'yanci ta yau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Billy Riley ya buɗe gidan horo a Wigan, ƙasa da mil 20 daga Manchester, inda Karl Gotch da Billy Robinson suka koyi fasahar da suka kai har Japan.

Abin mamaki, gardamar ta bi mutane har kan tebur. Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yin faɗansa ne da takarda da 'ya'yan caca. A bugun 2014, wanda aka riƙe ba ya iya motsawa daga inda yake, wanda aka taɗe kuma sai ya kashe rabin tafiyarsa kafin ya miƙe. Idan aka haɗa masa biyun, ba shi da tafiyar da zai kashe, sai ya zauna a ƙasa har ya ƙwace kansa. Wato masu wasan sun bi Wigan, ba Tawa ba.

'Yan'uwa ɗalibai, idan Bature ya tambaye ku me ya sa kokawarmu ke ƙarewa cikin ƙiftawar ido, kada ku ce ƙa'ida ce ba mu da ita. Muna da ita, zaɓi ne kakanninmu suka yi: a kayar da mutum, a ɗaga shi, gobe a haɗu a gona.