Tarihin Kafuwar Filin Ƙwallo na Old Trafford

Asalin ƙungiyar da ta mallaki wannan mashahurin fili na birnin Manchester a ƙasar Ingila, ma'aikatan reluwe ne suka kafa ta a shekarar 1878 Miladiyya da sunan Newton Heath, ta yi ta fama da talauci har bashi ya kusa durƙusar da ita a 1902, sa'an nan wani attajiri mai kamfanin giya, John Henry Davies, ya ɗauki nauyinta, aka sauya mata suna zuwa Manchester United. Da yake tsohon filinsu na unguwar Clayton yana tsakiyar masana'antu, hayaƙi ya addabi 'yan wasa da 'yan kallo baki ɗaya, sai Davies ya ware fam 60,000, aka ɗauko gwanin zanen gini Archibald Leitch ya tsara sabon fili. An buɗe shi ran 19 ga Fabrairu 1910, amma baƙi ne suka yi nasara, domin Liverpool ta ci 4, masu gida suka ci 3.

Ibtila'i na farko ya auku a Yaƙin Duniya na Biyu, yayin da jiragen Jamus suka yi wa filin ruwan bama-bamai ran 11 ga Maris 1941, har ala tilas ƙungiyar ta koma haya a Maine Road, filin abokan hamayyarta Manchester City, ba ta dawo gida ba sai 1949. Na biyu kuwa ya fi ɗaci, don kuwa ran 6 ga Fabrairu 1958 jirgin saman da ya ɗauko ƙungiyar ya yi haɗari a Munich, aka yi hasarar rayuka 23, takwas daga cikinsu 'yan wasa. Saboda haka aka kafa agogo a bangon filin domin tunawa da su.

Bayan masifar turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough ta 1989, hukuma ta wajabta wa manyan filaye sanya kujeru maimakon tsayuwa, adadin 'yan kallo ya ragu zuwa wajen 44,000, lamarin da ya sa aka shiga ɗora benaye a 1996 da 2000 da 2006, har filin ya kai ɗaukar mutum kimanin 74,000.

Mai ziyara a yau, bayan ya biya kuɗin shiga, akan zaga da shi gidan tarihin ƙungiyar, da ɗakin sauya kaya, da mazaunin koci, a kuma nuna masa tsohon mashigin 'yan wasa, wanda shi kaɗai ya saura daga ginin 1910. Sai dai tsufa ya fara bayyana ga rufin, shi ya sa a watan Maris 2025 shugabannin ƙungiyar suka sanar da ƙudurinsu na gina sabon fili mai ɗaukar mutum 100,000 a maƙwabtakar na yanzu.