DAGA DANDALIN BAGUDO ZUWA FILIN WRIGLEY

Yau ba ci gaban littafi na kawo muku ba, wani ɗan tarihi ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A Bagudo ta jihar Kebbi na tashi, yankin da in ka kai Tsamiya to Segbana ta ƙasar Benin na gabanka. Muna yara, in farin wata ya fito, dandali namu ne mu 'yan mata. Ko danginmu na tsallaken iyaka suka zo biki, tare muke gaɗa har dare ya raba. Wata shekara sai aka yanka dandalin aka gina shaguna. Babu wanda ya ce mu daina gaɗa, amma daga nan ta mutu a unguwarmu. Samari kuwa filin firamare na nan, suna ta ƙwallonsu.

Ban sake tuna wannan ba sai a Oktoban 2003, da aka yi wasannin Afirka a Abuja. Nan na fara ganin mata na buga sofbol, ƙanwar besbol ta Amurka: a jefo ƙwallo ta ƙasan kafaɗa, a maka mata kulki, a zuba da gudu. Da na bi tarihin wasan, sai na tarar labarin dandalinmu ne.

A 1943 yaƙin duniya na biyu ya kwashe maza 'yan besbol. Sai Philip Wrigley, mai kulob ɗin Chicago Cubs, ya kafa gasar mata ƙwararru, da dokokin da suka fi kama da na sofbol. Ya so su riƙa wasa a manyan filayen maza, masu filayen suka noƙe, dole aka kai su ƙananan garuruwa irin su Rockford da Racine. Duk da haka, ran 1 ga Yulin 1943, matan ne suka fara buga wasan dare a filin Wrigley da fitilun wucin gadi. Maza ba su samu fitila a wurin ba sai 1988. A 1948 'yan kallonsu sun haura 900,000, amma da talabijin ya kawo wasan maza cikin falo, kasuwa ta ja baya, gasar ta rushe bayan kakar 1954.

An sake gwadawa daga 1976 zuwa 1979, aka kuma daga 2004 zuwa 2021, yawanci a filayen haya, duk suka durƙushe. Dama Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Inda abin ya kafu shi ne birnin Oklahoma, da aka buɗe wa sofbol filinta na kanta a 1987. Can ake gasar ƙarshe ta matan jami'o'i, can kuma aka tsara yin sofbol ta Olamfik a 2028.

To mai karatu, ban ce a kawo kulki Bagudo ba. Cewa na yi, duk ranar da masu unguwa suka zauna rabon fili, a tuna da 'yan mata. Mu da aka yanka namu mun san zafin abin.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in rai ya kai.