Dajin Agala da Mu Mutanen Sabo

Tun da aka kafa unguwarmu ta Sabo a Ibadan cikin 1916, iyayenmu shanu da goro suka sa a gaba. Daji kuwa sai su ce ai na gwamnati ne, ko na 'yan ƙasa, ina ruwan baƙo? Mu ma haka muka taso muna faɗi.

To amma wanda ya yi wayo kafin 1990 ya san yadda tudun nan na Oke Are yake, inda aka gina hasumiyar Bower a 1936. Dajin Agala ya lulluɓe shi, gandun gwamnati ne, da rana tsaka ka shiga sai ka ji sanyi kamar asuba. Muna yara, in an tashi daga Islamiyya mukan zarce can, mu dawo mu sha bulala.

Ranar 31 ga Agusta 1980 kogin Ogunpa ya yi ambaliya, ya ci rayuka da gidaje da shaguna, ya lalata lambun Agodi. Ruwan bai tsaya tambayar wane ne Bayarabe wane ne Bahaushe ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana amfanin bishiya a kan tudu, don saiwarta ce ke riƙe ƙasa, ta rage wa ruwa gudu. Ba mu ji ba.

Sai ga wahalar kananzir ta zamanin Abacha. Jama'a suka far wa Agala da gatari da adda, kafin a farga tudu ya zama fili. Gaskiya ɗaya ce, ba za mu wanke kanmu ba: masu tsire da masu shayi da matanmu duk sun sayi iccen nan, kuma mun san inda aka saro shi. Ranar 26 ga Agusta 2011 ruwa ya sake yi wa garin ɓarna, mutum fiye da 100 suka rasu.

A gida mun san gayya, aikin da ba a biya sai fura da godiya. Ita muke roƙon Sarkin Hausawa da limamanmu su tayar mana a nan. Mu je wa ma'aikatan gandun daji, su ba mu dashe su nuna mana wuri, mu shuka da farkon damina, kafin hunturu kuma mu share gefen daji saboda gobara. Mu 'yan kasuwa mu ɗauki nauyin mota da abinci, samarinmu su fito da fartanya.