Tsofaffin motoci masu ƙofa biyu: Ingila, Italiya da 504 ta gida

Direbobin hanyar Parakou zuwa Djougou sun san Peugeot 504 a matsayin motar haya mai jure kaya da ramuka. Tana kuma da ’yar’uwa mai ƙofa biyu, 504 Coupé, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara jikinta. Irin waɗannan motocin ne masu tara tsofaffin motoci ke nema, kuma a kasuwarsu gasar ta fi zafi tsakanin Ingila da Italiya.

Na Ingila

Jaguar E-Type ta fito a 1961 da inji mai silinda 6, lita 3.8. Kamfanin ya ce tana kai kilomita 240 a awa. An ƙera fiye da 70,000, shi ya sa har yau ana samun kayan gyaranta. Aston Martin DB5 kuwa, wadda aka yi daga 1963 zuwa 1965, ba ta wuce dubu da ’yan kai ba. Fim ɗin James Bond ya ƙara mata suna: a 2019 an sayar da ɗaya mai alaƙa da fim ɗin a kan kusan dala miliyan 6.4.

Na Italiya

Ferrari 250 GTO motar tsere ce mai silinda 12, lita 3, tana kai kusan kilomita 280 a awa. Guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. A gwanjon da aka yi a Amurka a 2018, ɗaya ta tashi dala miliyan 48.4, wato sama da sefa biliyan 25.

Me ke kawo tsada?

Kusan kilomita 40 a awa ne tsakanin gudun Jaguar da na Ferrari, amma farashin Ferrari ya ninka nata sau ɗaruruwa. Ke nan gudu ba shi ne ma’auni ba. Masu saye suna duba abu uku: ƙarancin motar, tarihinta a tsere ko a hannun wani sananne, da kasancewar injinta na asali, lambarsa ta dace da abin da ke cikin takardu.

Matsayin 504 Coupé

An fara ta a 1969, aka daina a 1983. Ba a ƙera 30,000 ba, alhali dangin 504 gaba ɗaya sun haura miliyan 3, har da waɗanda aka haɗa a Kaduna. Tarihinta na tsere a Afirka yake: a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da na Bandama a Kodebuwa da mai injin V6. Farashinta bai kusanci na Ferrari ba, amma ya fi na 504 ta haya nesa ba kusa ba.

Don haka wanda ya gaji tsohuwar mota, ko ya ci karo da ita a garejin bakanike, ya fara duba lambar jikinta da takardunta kafin ya miƙa ta ga masu sayen ƙarafa. Sa mata injin wata mota ko yanka jikinta yana iya tayar da ita ta hau titi, amma yana zubar da darajar da mai saye zai biya.