Shok ɗin But da Sana'ar Gyaran Mota a Kudancin Birnin Kaduna

Shok ɗin but shi ne siririn bututun ƙarfen da ke ɗaga ƙofar bayan mota, ya riƙe ta a sama har a gama lodi ko sauke kaya. Yawanci biyu ake sa wa, ɗaya dama ɗaya hagu. A cikin bututun akwai iskar naitirojin da aka matse, da ɗan mai, da sandar ƙarfe mai sulɓi wadda ke shiga tana fita ta cikin robar da ta toshe bakinsa. In an rufe ƙofa, sandar ta shige ta ƙara matse iskar; in an buɗe, iskar ta turo ta waje, nauyin ƙofar ya ragu a hannu. Kamfanin Stabilus na birnin Koblenz a Jamus ya fara ƙera shi da yawa a 1962. Kafin nan, sifirin da ƙarfen tokare ne ke wannan aiki.

Yaɗuwarsa a Kaduna ta biyo bayan tarihin unguwar Kakuri da ke kudu da kogin Kaduna. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 masana'antu suka yi ta taruwa a wajen. A watan Disamba na 1972 aka kafa kamfanin Fijo na Nijeriya, wato PAN, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa, ya kuma fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga Lyon zuwa Kano, sannan a kawo su Kaduna. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Fijo motar hukuma don tsuke bakin aljihu, sai 504 ta cika ma'aikatu da tituna.

Ga masu haya kuwa, doguwar Fijo mai layin kujeru uku, wadda ake kira wagon, ita ce sarauniyar hanya. Ƙofar bayanta babba ce mai ɗauke da gilashi, kuma a kowace tasha sai an buɗe ta. 'Yan kamasho kan cusa buhuna da akwatuna har ta ƙi rufuwa, a ɗaure ta da igiya, ta yi ta girgiza har Jos ko Kano. Hakan na saurin kashe shok, shi ya sa sandar tokare ta zama cikin kayan aikin direba. Kanikawan Kakuri da Makera da Nasarawa sun ƙware a kan Fijo, kayan gyara na asali kuma suna kusa da su.

Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kasuwa ta koma ga motocin gwanjo, wato Beljiyam, da ake shigowa da su ta Kwatano. Sannu a hankali Golf wagon da Sharan da Sienna suka karɓe tashoshi irin su garejin Television da Sabon Tasha, kuma dukkansu masu ƙofar baya ce mai ɗagawa sama. Bukatar shok ta ƙaru, ire-irensa suka yawaita, tushensa kuma ya koma ga tsofaffin da aka ciro daga motocin Turai da sababbin da ake kawowa daga Sin. Na gwanjon kan zo da rabin ƙarfinsa, domin iskar na zurarewa kaɗan-kaɗan ko da ba a taɓa shi ba.

Robar bakin bututun ita ce ran shok. Ƙurar hunturu na mannewa a jikin sandar ta goge robar, zafin bazara kuma ya busar da ita. Sanyi na rage ƙarfin iskar, don haka shok mai rauni ya fi nuna kansa da asubar hunturu, lokacin da ƙofa za ta sauko wa mai lodi a ka. Sauran alamun su ne naso na mai a jikin bututun da nauyin ƙofa wajen ɗagawa. Kulawarsa ba ta da yawa: a riƙa goge sandar da tsumma mai tsabta, kada a shafa mata giris don yana tara ƙasa, kada a kama ta da filaya, kada mai fenti ya fesa mata fenti.

Wannan ƙarfe ya sauya yadda sana'ar take. Sifirin da ƙarfen tokare, maƙeri ko mai walda na iya gyara su; shok kuwa a rufe ya fito daga masana'anta, in ya mutu sai canji. Bakanike kan duba tsawonsa da lambar ƙarfinsa da ke rubuce a jiki da ma'aunin niyuton. Mai ƙarfi fiye da kima yana lanƙwasa mariƙin ƙofa, mai rauni kuma ba ya riƙe ta. Yaron gareji ya tallafe ƙofar, maigidansa ya ɗaga ɗan kilif ɗin kowane kai da sukudireba, ya zare tsohon, ya danna sabon har ya kama. Ana juya shi yadda sandar za ta kalli ƙasa in ƙofa na rufe, don mai ya riƙa jiƙa robar. Biyun ake canzawa tare, domin sabo ɗaya da tsoho ɗaya na karkatar da ƙofa. Tsohon kuma ba a huda shi, ba a kai shi kusa da wutar walda, saboda ragowar iskar na iya fasa shi.

An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi, sannan a 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a sabuwar masana'anta a kan hanyar Abuja. Motoci da yawa na yanzu suna zuwa da ƙofar baya mai buɗe kanta da lantarki, abin da ya sa wani ɓangare na aikin ya fara komawa hannun masu gyaran wayarin mota.