Gidajen ƙarƙashin ƙasa na Matmata da ambaliyar 1969

A littattafan tarihi na lakwal, mutumin kogo kullum yana shafin farko ne, da gatarin dutse a hannu. Yaro ya rufe littafi da tunanin cewa zama cikin ƙasa abin mutanen da ne da ba su waye ba. Ni dai ina ganin ya kamata malamai su riƙa kawo wa yara labarin Matmata.

Matmata gari ne na Barbar a kudancin Tunisiya, kamar kilomita 40 daga Gabes. Masu tarihi da dama suna danganta hawan mutanen yankin bisa duwatsu da zuwan Larabawan Banu Hilal a ƙarni na 11. Magidanci kan haƙa babban rami mai da'ira, zurfinsa ya kai mita 5 zuwa 10, shi ne tsakar gida. Daga nan sai a sassaƙa ɗakuna cikin bangon ramin, a shafe su da farar ƙasa. Na ƙasa don kwana da girki, na sama don ajiyar hatsi, kamar rumbunmu. Shiga kuwa ta wata hanya ce da aka huda daga gefen tudu. Da bazara ɗaki sanyi ƙalau, da ɗari kuma ɗumi, ba fanka ba murhu. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin kwano a Tawa cikin watan Afrilu ya san darajar wannan.

Abin da ginin bai iya da shi ba shi ne ruwa mai yawa. A 1969 aka yi ambaliyar da ta kashe sama da mutum 500 a Tunisiya, gidaje da yawa na Matmata suka rufta. Gomnatin Habib Burgiba, wadda dama take kallon ramukan a matsayin ci-baya, ta maida hankali ga sabon garin Nouvelle Matmata a fili, da gidajen siminti. Wasu sun ƙaura. Wasu suka gyara ramukansu suka zauna.

Daga baya masu fim ɗin Star Wars na 1977 suka ɗauki wani sashensa a otel ɗin Sidi Driss, ƴan yawon buɗe ido suka fara tururuwa. Iyalan da suka rage, da yawansu yanzu da kuɗin waɗannan baƙi suke gyaran ɗakunan.